Rasuwar Saje, Maficin Ummu Rasul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma wanda ya ƙoshi da barci karon farko cikin shekaru masu yawa, iyalan gidan Falih wanzami, wanda kowa ya sani da Abu Rasul, na layin bayan kasuwar kifi a nan garin Amara, suna sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki rasuwar amintaccen baran gidansu, Mafici, wanda maigidan ya laƙaba wa suna Saje, irin na 'yan sanda. Ya rasu a saman soro, cikin tsananin zafin watan Agusta, yana bakin aikinsa. Bai yi doguwar jinya ba. Karyewa ɗaya ya yi daga ƙugu, bai sake tashi ba.

Mai makokin ita ce Nuriya, Ummu Rasul, matar gidan. Ta ce in ta fara zancen marigayin bakinta ba ya tsayawa, don haka ta ɗora wa yayanta ya tsara sanarwar. Wanda ya ga ta yi tsawo ya yi haƙuri. Wanda ya yi shekara talatin yana tsaron ran mutum, ba a sallamarsa da layi biyu.

Marigayin ɗan asalin fadamun kudu ne. Uwarsa ganyen dabino, ubansa reshen dabino. Da hannu aka saƙa shi, aka yi masa baki da jan zare da kore. Ya shigo gidan ne cikin kayan auren Nuriya, tare da tukwane da katifa da madubi. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta cusa shi a ƙarshen kaya, ta ce, "Riƙe wannan. Fanka baiwar wuta ce, in uwargijiyarta ta tafi sai ta kwanta. Wannan kuwa ke kaɗai yake wa biyayya." Tukwanen sun huje, madubin ya fashe, katifar an sake mata auduga har an gaji. Shi ya rage.

Aikin da aka ɗauke shi a kai sananne ne: fifita, korar ƙuda, da hura gawayi in za a gasa kifi. Muryarsa a lokacin mai taushi ce. Fir, fir, fir, shi ke nan. Da a haka ya ƙare rayuwarsa, da ba wanda zai rubuta masa takarda. Amma kowane bawa da inda rabonsa yake jiransa.

Abu Rasul mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Hannunsa da aska ya fi hannun wasu da cokali. Sai dai Allah ya ba shi wuya kamar kututturen dabino, da ciki mai ƙaunar shinkafa da miyar kuɓewa, da munsharin da in ya tayar da shi tantabarun layin kan canza wurin kwana. Munsharin bai dami Nuriya ba. Mai gida a bakin kogin Dijla yakan saba da kukan kwaɗi. Abin da ta kasa sabawa da shi, shirun ne. Zai ja, ya ja, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti, sai kwatsam ɗif. Ƙirji yana motsi, yana kokawa, amma iska ba ta shiga, ba ta fita. Takan tashi zaune ta zuba masa ido, ta karanta abin da ta iya, ta jira. Wani dare cikin shekarun farko jiran ya yi mata yawa, tsoro ya kama ta, abin da ke hannunta kawai ta ɗaga. Fat! a kafaɗa. Mutum ya shaƙe, ya yi gurnani kamar ɓauna ta ɗago kai daga ruwa, ya juya, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Daga ranar marigayin ya sami ƙarin girma, ya koma aikin dare.

Muna shaida halayensa. Bai taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba. Bai taɓa neman hutu ba, ko da salla, ko da azumi. Da rani yana saman soro, da sanyi yana ƙarƙashin matashi. Ya san bambancin dukan gargaɗi da dukan ceto, bai kuma taɓa barin tabo a jikin maigidansa ba. Sannan ga rufin asiri: gari na wayewa zai koma hura gawayi kamar ba shi ba.

Amma duk wanda ke faɗa wa mutum gaskiya ba ya shan godiya. Abu Rasul yakan tashi da safe kansa na sara, bakinsa a bushe, yana murza kafaɗa.

"Wai ni me na tare wa Sajen nan naki ne? Ina barcina lafiya lau, sai in ji an kama ni ba ko sammaci."

"Ba ka numfashi, Abu Rasul."

"To da me nake raye? Da addu'arki?"

"Da ita, da Saje."

"Kai, mata! Miƙo min shayin dai. Kin sa sukari ko yau ma gishirin ne?"

Zancen gishirin gaskiya ne, ta sha zuba shi a shayi. Mace ce da ba ta san barci ba sai gutsuri-gutsuri, kunne ɗaya a buɗe, hannu ɗaya a kan mariƙi. Ba ta taɓa kwana a wani gida ba, ko biki, ko haihuwa, ko rasuwa. Magariba na yi za ta ɗauki mayafi, mutane suna cewa girman kai ne. Ƙasan idonta ya yi baƙi har matan layi suna tambayarta inda take sayen kwallinta. Ba ta taɓa fasa musu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ma gogan ba ƙalau yake ba. Jininsa ya hau, ya ce gado ne. Yana zaune ana hira sai kai ya rinjaya, ya ce tunani yake. Daga baya abin ya bi shi shago. Ranar da ya yi gyangyaɗi aska na hannunsa ya kwashe rabin gashin bakin wani ango, ranar ɗaurin aurensa, ya ce laifin angon ne da ya yi motsi. Angon nan da gyale a baki ya je wurin, kamar mai ciwon haƙori. Mutane suka fara zuwa aski da farar safiya kawai, bayan azahar kuwa shagon sai ƙuda.

Nuriya ta roƙe shi ya ga likita. Ta roƙa da lallashi, ta roƙa da kuka, ta roƙa da ƙin yin kuɓewa. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana riƙe kan jama'a yana cewa kada su motsa, ya ƙi yarda wani ya riƙe nasa. Ta ɗauki muryarsa a waya ta kunna masa. Ya saurara da kyau, ya girgiza kai.

"Janareton unguwa ne. Ji yadda yake yankewa? Mai ne suke haɗa masa da ruwa."

Da ta matsa, sai ya yanke hukunci irin na alƙali: "Kawo shaida. Rabin shekara a saman soro muke kwana, maƙwabta hagu da dama. In ina yin abin da kike faɗa, ai wani ya ji. Mutum ɗaya ya ce ya ji, ranar zan sa takalmina."

Ya san abin da ya taka. Kowa ya san dokar soro. In zafi ya kori mutane sama, kowane gida ya shimfiɗa gadajensa a fili, ido yakan makance, kunne ya kurumce. Abin da ka jiyo ta kan katanga, faɗa ne, kuka ne, dariyar mata da miji ce, a nan yake kwana, ba ya sauka matakala tare da kai. Wanda ya ce "jiya na ji ku", ya zubar da mutuncin gidansu har jikoki. Doka ce mai kyau, kakanni ba wawaye ba ne. Da ba don ita ba da ba a zauna layi ɗaya ba. Sai dai ko zuma ce, in ta yi yawa takan tayar da zuciya.

Abu Rasul da kansa ya yi binciken, don ya kunyata matarsa. Ya bari sai da Abu Zaki mai kifi, maƙwabcinsu na hagu, ya zauna a kujera, kumfa ta rufe masa fuska, aska tana kan maƙogwaronsa.

"Abu Zaki, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin wani abu daga sorona?"

"Bar Allah a gefe, Abu Rasul, ba a sa shi a ƙaramar magana. Ni mutum ne mai nauyin barci."

Idon Abu Zaki kuwa jajawur kamar na kifin jiya.

Nuriya ta zaga wurin Hajiya Sabriya, tsohuwar maƙwabciyarsu ta dama, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta kai mata dabino, ta yi hannunka-mai-sanda, ta ce ko hayaniyar gidansu tana hana Hajiya barci. Tsohuwa ta daɗe tana kallon dabinon.

"Kunnena ya tsufa, 'yata. Katangar ma kauri gare ta."

Katangar da kyanwa ke tsallakawa tana hamma. Nuriya ta dawo gida, ta sake ɗaure ƙugun Saje da zare, don ya fara tsagewa, suka koma bakin aiki su biyu.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. A daren an ɗauke wutar gari, janareton unguwa ma ya shaƙe ya mutu, Amara ta yi tsit, ba a jin kowa sai Abu Rasul. An ci kuɓewa da naman rago, ya ƙara faranti, ya kwanta rigingine. Gab da asuba ya yi ɗif.

Fat! Shiru. Fat! Fat! Shiru.

Nuriya ta durƙusa a kan gwiwa, ta kama marigayin da hannu biyu, ta ɗaga shi sama da kanta. Shi kuwa ga tsufa, bakinsa duk ya zare, ƙugunsa ɗauri a kan ɗauri, amma bai ce a'a ba. Ƙwas! Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Kansa ya yi sama, ya tsallake katanga, ya faɗa soron Hajiya Sabriya. Mariƙin ya rage a hannun Nuriya. Mai barci bai motsa ba.

Ta buɗe baki za ta kira shi ke nan. Sai ga murya daga bayan katanga mai kauri, muryar tsohuwa mai tsohon kunne, ta fi askar shagon kaifi:

"Falih! Ɗan Badriya! Ja numfashi, ja'iri!"

Ai kamar jira ake. Daga hagu Abu Zaki mai nauyin barci ya ɗauka: "Juya shi, Ummu Rasul! Ta dama, ya fi samun sauƙi ta dama!" Wata mata daga soro na uku ta ce, "Wayyo, wannan ya fi na daren Talata tsawo!" Wani daga tsallaken layi ya ce, "Ruwa! Ga tulu nan kan katanga, daidai kanki!" Takalmi ya taso daga inda ba a sani ba, ya sami mai barci a ciki. Nuriya ta suri tulun da aka ajiye ya huce, ta juye masa shi kaf.

Ya shaƙe, ya yi tari, ya ja iska da ƙarar da ta tayar da karnukan kasuwa. Wata ta rangaɗa guɗa. Ya tashi zaune sharkaf, gashin baki na ɗiga, ya dubi hagu da dama.

"Wa ya mutu?"

Aka ji gadaje suna ƙara, kowa ya koma ya kwanta. Har wani ya ƙirƙiro munsharin ƙarya don a san barci yake.

Da safe Abu Rasul ya so ya mai da abin mafarki. Yana zaune a tsakar gida gaban burodi da gemar, wato kirim ɗin madarar ɓauna, yana cewa zafi kan sa mutum jin muryoyi, Nuriya tana gefe, mariƙin na cinyarta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka buga ƙofa. Hajiya Sabriya ce, riƙe da faranti an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ta dire shi a gabansa, ta yaye. Kan marigayin ne.

"Na kawo muku gawarku. A fuskata ya faɗo."

"Ayya, Hajiya, ki yi haƙuri, iska ce ta..."

"Rufe min baki. Tun kana yawo ba wando na san ka. Jiya na karya dokar soro, yau zan ƙarasa ta, wanda zai zage ni ya zage ni, saura nawa ya rage min? Ka ce a kawo shaida, ga ni. Matarka ba ta barci, ni ba na yi, Abu Zaki ba ya yi. In ka yi shirun nan naka, duk layin nan riƙe numfashi muke tare da kai, sai mun ji fat sannan mu saki. Kai ka ɗauka kai muke saurare? Wannan muke saurare." Ta nuna farantin. "Jiya muka ji ƙwas maimakon fat."

Abu Rasul ya ajiye burodin.

Tsohuwa ta sassauta murya. "Mijina Abu Adnan haka yake yi. Ni kuwa lokacin da ƙuruciya, barcina kamar dutse, ba ni da mafici a hannu. Wata asuba na tashe shi salla, bai tashi ba. A zaman makoki sai na ji mata suna ce wa juna, 'Ai kuwa daren ba mu ji shi ba.' Ashe suna ji. Kowa yana ji. Ban ce abin da ya kashe shi ke nan ba, Allah ne masani. Amma da mutum ɗaya ya buɗe baki, ko asibiti ai da mun leƙa." Ta gyara mayafinta. "Ina takalminka?"

Nuriya ta ce bai dubi tsohuwar ba. Ita ya duba, ya daɗe yana dubanta, kamar wanda aka kawo wa baƙon kai ya aske. Can ya ce a hankali, "Ashe ba kwalli ba ne."

Ya sa takalminsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A asibiti aka tura su wurin wata likita, Dakta Maisun, wadda aikinta barcin mutane. Ta auna wuyansa, ta leƙa maƙogwaronsa, amma yawancin tambayoyin Nuriya ta yi wa, domin ta ce mai wannan ciwon shi ne na ƙarshen sani. Ta ce sai ya kwana a wurinsu an gani. Aka manna masa wayoyi a kai da ƙirji da hanci, aka maƙala wani abu a yatsa, ya zama kamar akuyar da ta faɗa shagon mai gyaran rediyo. Aka ce Nuriya ta tafi gida ta huta. Ta ƙi. A kan benci ta kwana bakin ƙofa, da mariƙin marigayin cikin mayafi, ko za a buƙace shi.

Washegari likita ta juya musu allon na'urarta, ta nuna wani zane mai hawa da sauka. "Baffa, nan kana numfashi. Nan kuwa, inda ya miƙe, naman maƙogwaronka ya saki ya rufe hanya. Iskar jininka ta yi ƙasa, zuciya ta shiga gudu, ƙwaƙwalwa ta fizgo ka daga barci ba ka sani ba. Sai ka ja, ka koma, ya sake rufewa."

"Sau nawa ke nan a dare, 'yata? Uku? Huɗu?"

"A awa ɗaya ya fi kawunan da kake askewa ranar jajiberin salla. Shi ya sa ciwon kai, shi ya sa gyangyaɗi, kuma yana da hannu a hawan jinin nan. Kwanciya kake yi, Baffa, ba barci ba."

Nuriya ta zaro mariƙin ta ajiye a kan tebur, ta ba da tarihinsa. Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Inna. Amma duka tayar da mutum yake, ba ya buɗe maƙogwaro. Za mu ba shi wadda za ta riƙe hanyar a buɗe da iska, ba duka. Ke kuma an sauke ki daga aikin gadi."

Da aka fito da na'urar da doguwar tiyo da abin rufe fuska, Abu Rasul ya dafe gashin bakinsa da hannu biyu. Ya ce in sai an taɓa wannan, to a bar shi ya mutu da mutuncinsa. Likita ta ce akwai ƙarami mai zama a ƙofar hanci kawai. Gashin baki ya tsira, mai shi ma ya tsira. Ta ƙara da cewa faranti na biyu ya haramta gare shi, ya riƙa takawa bakin kogi da yamma, ya kuma daina kwanciya rigingine. A nan ne ya yi ƙwalla.

Ba mu ce abin ya zo da sauƙi ba. Kwanakin farko ya yi ta faɗa da ita. Ya ce an mai da shi giwa. Ya ce iskar na shiga har tunaninsa. Yakan fizge ta cikin barci, Nuriya ta mayar, suka koma wurin likita aka daidaita. Da ya saba, sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi tsammani ba: shiru. Ba munshari, ba gurnani, sai shuuu, shuuu, kamar iska cikin ganyen dabino. Mace da ta yi shekara talatin tana tsoron shiru, ta ina za ta yarda da shi dare ɗaya? Hannunta ya yi ta laluben gefen katifa. Takan kai yatsa kusa da ƙirjinsa ta ji yana hawa yana sauka. Ashe layin ma haka. Wani dare sai ga murya ƙasa-ƙasa ta kan katanga:

"Ummu Rasul, yana nan?"

"Yana nan, Hajiya."

"To, sai da safe."

Tun da aka gina layin, wannan ce sallama ta farko da aka yi tsakanin soro da soro.

A daren Nuriya ta yi barci. Ta yi barcin da ko kiran salla ba ta ji ba, rana ta fito ta same ta, ƙudaje suka yi taro a kanta ba mai korarsu. Abu Rasul ya farka kansa wasai kamar an wanke, ya sauka ya yi salla, ya dafa shayi da hannunsa, ya hau da shi. Yana isowa ya tsaya. Wani ɗan sauti yake ji, siriri, kamar mage ta ƙoshi. Matarsa ce take munshari. Ya ajiye shayin, ya zauna a bakin gado, ya kasa kunne ko zai ji ya yanke. Bai yanke ba. Ya cire rigarsa ya tare mata rana da ita, yana zaune har shayin ya huce. Da bakinsa ya faɗa wa mai wannan rubutu, yana kallon ƙasa: "Hajji, shekara talatin da aure, ban taɓa jin barcin matata ba."

Wannan shi ne gadon da marigayin ya bari. Da ransa ya tsare mutum ɗaya, da mutuwarsa ya buɗe bakin layi guda.

Ya rasu ya bar uwargijiyarsa Nuriya, wadda har yanzu hannunta kan dunƙule cikin barci. Ya bar Abu Rasul, wanda ya fi kowa shan hannunsa, ya kuma fi kowa jimaminsa, har ya nemi a janye duk zagin da ya yi masa. Ya bar 'yan'uwansa na uwa ɗaya, tsintsiya da tabarma da kwandon burodi, dukkansu suna cikin ƙoshin lafiya in ban da tsintsiyar. Ya kuma bar magajiya, wannan baƙuwa mai tiyo. Ba mu da abin cewa a kanta sai alheri, tana aikinta. Amma ita ma baiwar wuta ce kamar yadda mahaifiyarmu ta faɗa, sai an haɗa ta da batir, sai Abu Zaki ya jawo mata waya daga gidansa saboda ɓacin rana, sai an wanke mata hanci kamar jaririya. Marigayin ko ruwa bai taɓa nema ba. Ta yi shekara talatin tukuna, sannan a zo a yi mana zancen gwaninta.

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a yi ta ranar Alhamis bayan la'asar, a gidan. Ba za a yi salla ba. Mun je mun tambayi malamin masallacin layi, ya koro mu da nasa maficin. Za a binne kan marigayin a gindin dabinon tsakar gida, cikin danginsa, Hajiya Sabriya ce za ta zuba ƙasar farko, tunda a fuskarta ya cika. Mariƙin kuwa ba za a binne shi ba. An ɗaure shi a kan gadon Abu Rasul ta wajen kai, shi ke riƙe tiyon kada ta naɗe masa wuya. Wanda ya saba gadi, ko ya mutu ba ya barin ƙofa.

Maza za su zauna a shago, akwai gahawa mai ɗaci. Mai son aski ya zauna ba fargaba, idon wanzami biyu a buɗe suke har magariba. An keɓe kujerar gaba ga angon nan, wanda gashin bakinsa ya dawo, ɗaya gefen ma ya fi kyau. Mata za su hau soro, akwai shayi da sukari, an tabbatar sukari ne. Kada a kawo sabon mafici, an riga an kawo har sun yi yawa, mai makoki ta ce ba ta shirya maye gurbi ba. Duk matar da mijinta ke yin shiru a tsakiyar munshari, ta matso kusa da Ummu Rasul za ta kwatanta mata hanyar asibitin. Duk namijin da ya ji wannan ya tsargu, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dattawan layi kuma sun zauna sun yi wa dokar soro gyara guda. Ido yana nan a makance, kunne yana nan a kurumce. Faɗa, kuka, dariya, har munsharin wata baiwar Allah da ba za mu ambata ba, ba wanda ya ji. Amma wanda ya ji shiru, ya ɗaga murya.

A ƙarshe, ana roƙon masu zuwa ta'aziyya daga nesa kada su buga ƙofa kafin hantsi. Za su tarar da maigidan zaune a matakala, yatsa a kan leɓe. Mai makoki tana barci. Kada a tashe ta.

Sanarwa daga Hajji Mizhir, yayan mai makoki, a madadin iyalai.